Ɗaga Fata Ga Rana

Ubana baduku ne a Ƙofar Marke.
Kafin wuƙa ta taɓa jar fata
sai ya ɗaga ta ga rana,
ya kanne ido ɗaya
yana neman inda ƙaya ta yi wa akuya ɓarna.
"Hudar da ba ka gani ba," in ji shi,
"ita mai saye ka gani."

Ni ban gaji wuƙa ba.
A wani ɗaki a Mabera, mu huɗu da fanka ɗaya,
muka zuba dara cikin waya.
Su suna gini,
ni aikina in nemo inda zai rushe.

Haliru ya ce Juma'a za a sake shi.
Daren Laraba na miƙa wa Inno Dije wayar,
ita da ke danna komai da yatsa biyu.
Tana gab da ci kira ya shigo.
Ta amsa, ta dawo,
ɗanta guda ya ɓace, ba wanda ya ci shi.
Ta ce, "Wasan ga ɓarawo na."
Ta aje.

Sau ɗari uku na buga, ban gani ba.

Da safe na ce wa Haliru a'a.
Ya lissafo haya, kuɗin data, man janareto,
duk gaskiya ne.
Amma wanda dara ta cuta sau ɗaya
ba ya sake shimfiɗa mata tabarma.

Juma'a ta wuce, wata ma ta bi ta.
Yanzu ƙarfe biyun dare, caji saura tara,
ina kiran kaina da wayar Haliru,
ina ɗaga fata ga rana.