Matakala Uku

Gidanmu dai sun tafi da shi.
Zarto suka sa, suka raba shi biyu kamar kabewa,
suka ɗora a babbar mota,
labulen Mama na kaɗawa ta taga
har suka sha kwanar hanyar Hobart.
Saura matakala uku na siminti:
ka hau, ka hau, ka hau,
sai iska.

A nan nake zaune, ni Halina,
'yar Tadeusz mai walda,
wanda ya tsallako teku bayan yaƙi da akwati ɗaya,
aka ba shi shebur, aka nuna masa dutse.
Ko sunan ruwa bai sani ba da Turanci,
amma shekara talatin yana gaya wa ruwa inda zai bi.

Bututu shida ne suka gangara kwari,
ƙato zai tsaya a ciki bai sunkuya ba.
Dare da rana suna gurnani.
Mu ba ma ji, kamar yadda ba ka jin gudun jininka.
Ran da aka tsayar da su don gyara
garin nan kaf ba wanda ya runtsa.

Shagon Misis Pybus, bashi sai ranar albashi.
Zauren rawa, inda Bajamushe da mutumin Folan
suka taka ƙafar juna,
ba wanda ya ce ina kake a arba'in da uku.
Da hunturu rigunan Baba su sandare a igiya,
a shigo da su a tsaye.

Sai ga wasiƙa:
inji ya koyi aiki shi kaɗai.
Wani yaro a birni zai ajiye kofin shayi,
ya danna maɓalli, ruwa ya bi.
Wai ba kora ba ce. Har godiya aka yi.
Agogo aka ba Baba,
ya jefa a durowa, bai taɓa ɗaurawa ba.

Makarantarmu yanzu masauki ce,
masu kamun kifi na kwana a aji biyu.
Wata ta tambaye ni ko ɓatan hanya na yi.
Na ce a'a, ƙofar gida nake.

Tuffar da Mama ta dasa ta yi 'ya'ya, ba mai tsinka.
Na ɗora tafin hannu kan siminti,
ƙasa na rawa kaɗan-kaɗan.
Can gangare, ɗinkin da Baba ya yi wa ƙarfe
har yau bai ɗiga ba.

Anjima za a kunna fitilu a birni.
Ni da tocila zan lalubi motata.