Abin da Ya Shiga, Abin da Ya Fita

Ƙarfe biyu na dare a Tarragona,
hasumiyoyin matata na huci bayan taga.
Meritxell ta ƙura wa kwamfuta ido:
layin bayanai miliyan huɗu suka shiga,
dubu tara sun yi ɓatan dabo.

Mahaifinta Eudald, shekara talatin a gindin tanki,
ya fito shan ruwa, ya leƙa ta kafaɗarta.
"Wannan ai tacewa ce, rariyar farko.
Nan kuma gauraya, kaya biyu tukunya guda.
Can ƙasa da kike raba su gida-gida,
mu tururi ke yi mana:
mai nauyi ya kwanta, mara nauyi ya hau."

"Baba, lambobi ne, ba sinadari ba."

"Kin auna abin da ya shiga?
Kin auna abin da ya fita?
Tsakaninsu akwai bututu mai yoyo.
Kowace tukunya aikinta ɗaya;
kika ɗora mata biyu,
ba ki sanin wanne ya ƙone."

Ta kafa ma'auni bayan kowane mataki.
A na uku ta iske su,
dubu tara cif, kwance kamar tsaki,
don gurbin kwanan watansu fayau yake.

Ta danna, aiki ya koma farko.
Tsohon ya tsaya riƙe da kofi,
yana shafa tabon wuyan hannunsa.
"Shi ke nan? Ki sake kawai?
Mu in girki ya lalace,
motar tanki ake kira,
da takardu, da dogon shiru."