Kanumfari a Yatsuna

Shekara talatin da ɗaya ina naɗe taba a Kudus.
Ana sallame asuba ina kan benci,
mu ɗari huɗu a rumfa guda:
ganye, kanumfari, takarda, ɗigon gam,
kara dubu uku kafin azahar.
Sabulu ya gaji da yatsuna.
Jikata in ta sumbaci hannuna
sai ta ce, "Kaka, ƙamshin shayi kike."

Yatsun nan su suka biya wa Retno makaranta.
Yau tana jinyar masu ciwon huhu.
In ta dawo da dare ba ta cewa uffan,
takalmi take cirewa, ta dubi babanta a bakin ƙofa
yana tari kamar ana jan tebur a kan siminti.

Wagiman tun yana ɗan sha uku ya fara.
Kanumfari in ya ji wuta ƙara yake, ƙas-ƙas,
shi kuwa ya ce duk gidan nan
ita kaɗai ke amsa masa ba gardama.

Ran Lahadi Danu ya zo daga Semarang
da wani ɗan ƙarfe, tsawon alƙalami,
ana yi masa caji kamar waya.
Ya zuƙa, ya fesa, ɗaki ya koma gonar mangwaro.
"Baba, ba nikotin ke kai mutum kabari ba,
ƙonewar ce, kwaltar da ke dafe huhu.
Wannan tururi ne kawai."

Retno ta ajiye cokali.
"Tururin me? Wa ya shekara arba'in yana zuƙarsa
har ya dawo ya ba mu labari?
Makon jiya ɗan sha biyar aka kawo mana,
zuciya na gudu kamar babur ba birki.
Igiya aka rina, Danu,
akuyar tana nan ɗaure."

"Wanda ruwa ya ci," in ji shi,
"ko takobi aka miƙa masa zai kama."
"Akwai cingam na asibiti, akwai filastar dantse."
"Ya gwada. Kwana shida.
Kin manta har da kaza ya yi faɗa?"

Tsoho Karso ya leƙo ta kan shinge,
casa'in da ɗaya, haƙori uku:
"Ni tun kafin a kawo lantarki nake sha, ga ni."
Retno ta ce, "Waɗanda kuka fara tare fa?"
Ya ɗaga yatsa zai lissafa,
ya duba sama, ya sauke hannu.

Ni ba a tambaye ni ba.
Shinkafar da ke hucewa a gabansu
hayaƙi ne ya saye ta,
kwanon rufin nan, hayaƙi,
har farar rigar da Retno ke gugewa.
Ɗa ya faɗi gaskiya, 'ya ta faɗi gaskiya,
gaskiyar biyu sun ƙi zama a tabarma ɗaya.

Wagiman ya ɗauki ƙarfen, ya juya shi,
ya kara a kunne.
"Ba ya magana," ya ce.
Amma ya sa shi a aljihun gaba,
kafaɗa da kafaɗa da kwalin tabarsa.

Cikin dare tari ya tashe ni.
Na jira ƙarar ashana, ban ji ba,
sai ɗan shuɗin haske a bakin ƙofa
yana kunnuwa, yana mutuwa.
Ban san me ke shiga ƙirjinsa ba.
Retno ma ba ta sani ba, Danu ma haka,
masu sayarwa ne kaɗai ba sa shakka.

Da asuba na buɗe kwalin a ɓoye.
Jiya sha biyu. Yau sha ɗaya.
Da can toka kawai nake tararwa.
Ban faɗa wa kowa ba.
Na ɗaura ɗankwali, na hau keke,
ana jirana in naɗe dubu uku
domin mazan wasu mata.