Ƙaurar Murya

Habila ya kawo min filashi a naɗe cikin takardar ƙosai,
ya ce, "Tanimu, wata takwas na yi a kan aikin nan.
Kwamfutata ta fara tarin ajali,
manhajar kuma masu ita sun juya mata baya.
Kwashe shi zuwa taka."
Ya hau babur ya nufi Barnawa,
ya bar ni da maiƙo a yatsa da muryar wani tsoho.

Baba Cindo ne, mutumin Kakuri.
Shekara ashirin da bakwai yana tsaye gaban injin saƙa
har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce a je a ji a rediyo.
Hira goma sha ɗaya aka ɗauka da shi.
Kafin a gama tacewa
ya riga mu gidan gaskiya.

Na jona, na danna.
Manhajata ta yi wa aikin kallon baƙon da bai yi sallama ba.
Ta ce ba ta jin yarensa.
Na lallaɓa ta, na sauya masa riga,
ta buɗe ƙofa rabi.

Layi goma sha huɗu suka taso daga can,
goma sha biyu suka iso nan.
Biyu sun maƙale a hanya
kamar buhun da aka manta a tashar Kawo,
sunansu kawai ya zo, jajur, babu kowa a ciki.

Waɗanda suka iso ma a hargitse.
Kiɗan gurmi ya riga maganar shiga.
Ƙarar jirgin ƙasa da ya kamata ta shuɗe a hankali
ta yanke kamar an mare ta.
Amsa-kuwwar da Habila ya shafa wa muryar ta zube a hanya.
Can an ɗauka da lissafin arba'in da huɗu,
nan ana karantawa da arba'in da takwas,
sai ga tsoho ɗan saba'in yana zuba da sauri
da muryar yaron da aka aika sayen gishiri.
Na yi dariya. Sai kuma na ji kunya.

Wuta ta ɗauke ƙarfe tara.
Na tayar da janareta da man da na ajiye don gobe,
na koma kan ɗanyen fayil,
wanda almakashi bai taɓa ba.
Zare ya tsinke, in ji shi a hira ta uku,
ba ka zagin inji,
nemo bakin zaren kake ka ƙulla.
To na zauna ina ƙullawa,
kowane layi daga sifili,
ina auna su da tafin da Habila ya yi a farkon ɗauka.

A nan na tarar da abin da aka yanke.
Tarin tsohon ya dawo.
Kujerar roba tana ƙara a ƙarƙashinsa.
Ya ce, "Lantana, miƙo min ruwa,"
wata murya daga tsakar gida ta ce, "Kai da ka ce azumi kake?"
Suka yi dariya su biyu.
Bayan nan aka tambaye shi ranar rufe masaƙa,
ya yi shiru daƙiƙa goma sha tara.
Na ƙirga.
Habila ya rage shirun zuwa biyu, don lokacin rediyo kuɗi ne.

Da asuba na kira shi.
Na ce, "Aiki ya iso, amma ba yadda ka sallame shi ba."
Ya ce, "Me ya ɓata?"
Na ce, "Layi biyu, da amsa-kuwwarka."
Ya ce, "Me ya ƙaru?"
Na kara wayar a jikin sifika
na bar masa sha taran nan dukansu.

Ban ji ya kashe ba.
Ina jin zakaransa yana cara a Barnawa.