Kiɗan Ƙarfe a Katako

A cikin gawar wata tsohuwar Fijo na same shi,
ranar da muka yi mata fiɗa a Katako.
Tankari ya kwashe kujeru, Jibo ya cire fitilu,
ni aka bar mini rediyo
da kaset maƙale a maƙogwaronta.
Ba suna a jikinsa, rana ta lashe rubutun,
sai hoton ƙoƙon kai da ya koɗe, yana yaƙe
kamar mai bin ka bashi.

Na zaro shi da tsinke, na naɗe zaren da bik.
Bayan lisha na danna.

Shiru tukuna.
Sai ganga ta zubo
kamar an juye tirelar rodi a kan kwalta.
Gitar ba irin ta Agadas ba ce, mai tafiyar raƙumi,
wannan injin yankan ƙarfe ce, tana fesa tartsatsi,
ga wani ƙato a bayanta yana tsaga murya
kamar ya taka garwashi ya ƙi ɗagawa.

Inna ta leƙo da fitila:
"Mijinyawa, wa ake yankawa a ɗakinka?"
Na rage murya. Ban kashe ba.

Ubana mahauci ne, kalangu ya san sunansa.
Kakana in ya ji gangar noma, sai ya manta da ciwon baya.
Maƙeran dauri suna da dundufa.
Ni fa, mai fasa tano ya mai da shi akwati,
mai wuni da guduma daga hantsi har almuru,
wa ya taɓa yi mini kiɗa?
Sai waɗannan masu gashi har kafaɗa,
a wata ƙasa mai sanyi da ban san sunanta ba,
suka ji abin da kunnena ke ji kullum
suka ce: wannan ma waƙa ce.

Ban san kalma ɗaya a ciki ba.
Amma na san ta uku, inda ganga ke sukuwa,
ita nake sawa ranar da mai gida ya hana ni kuɗina.
Fushin ya shiga ciki, ya zagaya, ya fito da gumi,
in wanke fuska, in gaida kowa lafiya.

Ta biyar kuwa a hankali take farawa,
tsirkiya ɗaya tana lalube cikin duhu.
Shekarar da Arzika ya tafi haƙar zinari arewa
aka dawo mana da jakarsa kawai,
ban yi kuka a zaman makoki ba.
Na raba dabino, na amsa gaisuwa.
Sai dare na bakwai, a bakin Isa, ƙarƙashin gada,
tsirkiyar nan ta kama ni a wuya.
Da gangar ta fashe, na fashe tare da ita,
ba wanda ya ji ni sai kwaɗi.

Bara wani ɗalibin jami'a ya zo gyaran ƙafar moto,
ya ji, ya daka tsalle:
"Tsoho, ka san abin da kake da shi?
Faifan nan ya girme ni, duniya duk ta san shi!"
Ya buɗe salula, ya kunna mini shi tas, ba ƙura,
ya ce zai fassara mini baiti baiti.

Na saurara. Shi ne, amma ba shi ba ne.
Nawa yana da wuri a ta biyar
inda zafin Yamai ya miƙe zaren,
muryar ta yi rawa, ta nutse, ta taso.
Nan nake jan numfashi.
Na ce ya riƙe fassararsa, ya biya dala arba'in.

Yanzu kunnen hagu ya fara yi mini rowa,
guduma ta ci rabonta.
Jiya na dawo na tarar da Tsahara, autata,
ta juya kwanon tuwo, tana dukansa da ludayi biyu,
kanta na sama yana ƙasa, kitso na tashi.
Uwarta ta ce in tsawata mata.

Na tsaya a bakin ƙofa, ina ƙirga bugun.
Ba ta kuskure ko ɗaya ba.