Ƙwai da Kwana

Motata ɗaya ce, aikinta biyu.
Litinin zuwa Juma'a ƙwai take ɗaukowa
daga gonata ta Batagarawa, kiret arba'in,
ta ratsa Ƙofar Ƙaura a hankali kamar mai tsohon ciki.
Asabar da hantsi kuwa, a wani fili da muke ara,
mu jera mazugan roba, a danna agogo,
kowa ya shiga shi kaɗai, shi da sakan ɗinsa.
A can take tona mini asiri:
in na karya kwana sai ta kishingiɗa
kamar kwale-kwalen da ya sha lodi,
tayar baya ta ɗaga ƙafa, yara su sa ihu.

Rabe mai gyaran ƙafa ya shimfiɗa kwali,
ya jera mini uku kamar raguna a kara.
Kowanne shoka ne a cikin sifirin,
jikinsa zare, zobe biyu a ƙugu,
ka murɗa mota ta durƙusa, ka warware ta miƙe.

Na farko ja wur, sai sheƙi, ga araha.
Ya ce, "Wannan kwalliya ce, Dikko.
Damina ɗaya zai fara zubar da mai,
kuma ba a buɗe cikinsa, sai bola."
Na biyu na 'yan tsere ne zalla,
kilo sha biyu a gaba, ƙarfe bisa ƙarfe.
"A shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba a ja da shi.
A hanyar gonarka, haƙoranka zai kwance."
Na uku ba fenti, ba surutu,
takwas a gaba, shida a baya,
a kansa ɗan maɓalli mai cewa ƙas, ƙas,
sau talatin da biyu tsakanin laushi da tauri.
Kuɗinsa kaji ɗari da hamsin.
Kwana uku ina lissafi a bayan rasit.
Hindatu ta ce, "Ƙwai ne zai biya, shi za ka tambaya."

Na saya. Na ce a kwantar da ita har ta lashi ƙasa.
Rabe ya aje sufana.
"Yatsa biyu, ba ƙari.
Tudun rage gudu na bakin asibiti bai san Asabar ba.
Ƙafa in ba ta da wurin lanƙwasa, gindin mota ke shan duka."
Ya auna kusurwa huɗu da tef,
ya rubuta a bango da gawayi,
ya kora ni a saita tayoyi tun rana ba ta faɗi ba.

Asabar ta zo. Na murɗa ashirin da huɗu.
Sitiyari ya ce nan, ta ce to.
Ba kishingiɗa, ba gardama.
Sakan biyu da rabi na aske,
Badamasi mai agogo ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa.
Na dawo gida haƙora waje.

Litinin da asuba na loda ƙwai.
Na manta.
Ramin farko bayan gidan mai shi ya tuna mini.
Na ji ƙas a baya, ba irin na maɓalli ba.
Kiret shida.
Gwaiduwa har ƙarƙashin kujera,
mako guda motar na ƙarni.
Hindatu ba ta ce uffan ba,
ta dai tsince masu tsaguwa ta ɗora kasko,
muka ci waina safe da dare, har maƙwabta suka ƙoshi.

Yanzu duk Asabar bayan magariba,
kafin in nemi tuwo,
nakan ɗaga bonet, in buɗe but, in sunkuya,
in ƙirga da baya kamar mai jan carbi,
ashirin da huɗu zuwa tara, kusurwa bayan kusurwa.
Ɗiyata Sahura ke riƙe tocila,
leɓenta na motsi tare da yatsuna.
In na miƙe da wuri ta kama rigata,
"Baba, saura ɗaya."

Ƙas.