Wayar Birki

A garejin kawun Davou, can bayan Farin Gada,
muka manna kwalayen ƙwai a bango
don kada maƙwabta su kai mu ƙara.
Shekara biyu muna kiɗan rok na wasu,
muna tauna harshen da ba da shi aka raɗa mana suna ba.
Nanret ta matse hanci ta rera,
mu kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Baba Ishaya mai gyaran rediyo ya saurari waƙa uku,
ya ce, "Kun iya. To, ku kuna ina a ciki?"
Daren nan tuwo bai wuce maƙogwaro ba.
Ashe rigar aro ce, ko katara ba ta rufe mana.

Sai ga Agusta.
Tsirkiyar jita ta tsinke, aljihu fayau,
Ukasha ya zare wayar birkin babur ya ɗaura.
Da ya taɓa ta, ta yi gurnani, ta ja tsaki,
kamar tsohuwar da aka tasa daga barci.
Muka bushe da dariya.
Can kuma muka yi tsit.
"Sake," in ji Nanret.

Davou ya bar ƙirga huɗu-huɗu a ganga,
ya kwaso bugun matan da ke fasa dutse a unguwarsu,
guduma uku, babu mai jiran wata.
Ni da jitata mai kaurin murya
na bi bayan janareto, shi ya san hanya.
Nanret ta saki hancinta.
Ta rera da Hausar Taminus,
wadda ba ruwanta da "ya" ko "ta",
inda ta gaza, ta ciko da Angasancin kakarta.

Waƙa tara muka naɗa.
A ta shida ƙanƙara ta sauko kan kwanon rufi,
injiniya ya ce a goge.
Muka yi faɗa har Ukasha ya tafi gida ba sallama.
Ba a goge ba.

Muka kai wa Baba faifan.
Bai ɗago ba, yana ta liƙa dalma,
har ta shida ta shigo.
Sai ya miƙe da sauri ya jawo taga,
ya leƙa waje, rana tsaka, ko gajimare babu.
Ya dawo ya zauna.
Ya ƙara murya.